Daga Gulbi Zuwa Teku: Tambayoyi da Amsoshi kan Koyon Wasannin Ruwa

Jihar Kebbi ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya, amma da wuya a sami jiha a Arewa da ruwa ya ratsa rayuwar mutanenta kamar yadda ya ratsa tamu. Kogin Kwara ta nan yake shigowa Najeriya, gulbin Kabi ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya zube a cikinsa, tafkin Kainji kuma ya taɓo Yawuri da Ngaski. Saboda haka matasanmu da karatu, ko kasuwanci, ko bautar ƙasa ke kaiwa Legas sukan isa bakin teku da ƙarfin gwiwar wanda ya tashi a gaɓar gulbi, kuma wannan ƙarfin gwiwa yana da amfani, yana kuma da haɗari. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa da iyaye suka fi yi mini, na tattara su tare da amsoshin da nake ba su.

Me ake nufi da cibiyar wasannin ruwa, kuma me ake koyarwa a cikinta?

Wuri ne a bakin teku, ko a bakin ruwan da ya haɗe da teku, inda ake da malamai, da kayan haya, da masu ceto da ke zaune suna lura da duk wanda ya shiga ruwa. Abin da aka fi koyarwa shi ne iyo, da tuƙa ƙaramin kwale-kwalen da ake kira kayak, da hawan igiyar ruwa a kan allo, da tuƙa jirgin da iska ke turawa, da babur ɗin ruwa. A wasu wuraren akwai nutso da tukunyar iska a baya. Ba kowace cibiya ce ke da duka ba, don haka sai mutum ya tambaya tun kafin ya tashi.

Na iya iyo tun ina yaro a gulbin garinmu. Me zai sa in biya kuɗi a koya mini?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma ina girmama mai yin ta, domin ba fariya yake yi ba. Duk wanda ya taɓa kallon Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, ya ga yadda ake tseren kwale-kwale, da gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, da kamun agwagwar daji, da kama kifi da hannu ba koma ba ƙugiya, ya san cewa Kabawa ba baƙin ruwa ba ne. Bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Haka ma Rigata ta Yawuri, inda Gungawa da Sarkawa ke nuna gwanintar filafili da ba a koya a aji.

Sai dai gulbi da teku ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Gulbi gefe guda yake tafiya, kuma wanda ya san shi ya san inda gurbi yake, ya san inda ƙafa za ta taɓa ƙasa, ya san cewa idan ya saki jiki ruwan zai kai shi wata gaɓa can ƙasa. Teku kuwa zuwa yake yi yana komawa. Yana cika yana janyewa kusan sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, saboda jan wata da rana, ta yadda wurin da ruwa ya tsaya a gwiwa da hantsi zai iya shanye mutum da la'asar. Raƙuman ruwansa suna dukan mutum su kayar da shi a kan yashi, kuma a kowace lita ta ruwansa akwai gishiri kimanin giram 35, wanda ke sa jiki ya fi tasowa sama, amma yana ƙona ido da maƙogwaro har mutum ya ruɗe idan ya kurɓa ba shiri.

Ni kaina a bakin ruwan Yawuri na tashi, kuma ran da na fara shiga teku ban nemi shawarar kowa ba, domin ina ganin babu abin da za a faɗa mini. Ban yi minti goma ba sai na lura cewa ina iyo da iyakar ƙarfina zuwa gaɓa, amma mutanen da ke tsaye a kan yashi sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Wani mai ceto ne ya iso gare ni a kan allo ya fito da ni, kuma da na dawo hayyacina ya nuna mini da yatsa wurin da na shiga, wanda duk wani ɗan wurin ya san ba a shigarsa. Magabata sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci, kuma a ranar na fahimci dalili: wanda bai iya ba ba ya yin nisa da gaɓa. Abin da mutum zai biya a koya masa shi ne karatun wannan ruwa na daban, kuma ɗan gulbi yakan gama shi da sauri fiye da kowa idan ya yarda ya zauna ya saurara.

Mece ce wannan igiya mai jan mutum zuwa tsakiya, kuma yaya ake gane ta?

Ruwan da raƙuman teku suka turo gaɓa dole ne ya koma, kuma sau da yawa yakan taru ya bi ta wata siririyar hanya tsakanin tudun yashi biyu da ke ƙarƙashin ruwa, ko ta gefen ganuwar duwatsu, ya fita da gudu kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Gudunsa yana iya kai mita biyu a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ma fiye, wato ya wuce gudun gwanayen iyo na duniya. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da natsuwa: hagu da dama raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa, shi kuwa tsakiyar shiru, launinsa ya ɗan fi duhu ko ya gauraya da yashi, kuma idan aka lura za a ga kumfa da tarkace suna tafiya waje maimakon su zo gaɓa. Baƙo yakan zaɓi wannan wurin daidai, domin a gulbi ruwa mai kwanciya shi ne na wanka.

Wannan igiya ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi, kuma ƙarfinta yakan mutu bayan ta wuce inda raƙuman ruwa ke fashewa. Abin da ke kashe mutane shi ne gajiya da firgita, saboda suna ƙoƙarin komawa ta hanyar da ruwan ke fitowa. Wanda ta kama ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya daidaita numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya yana kira. Idan yana da sauran ƙarfi ya yi iyo a gicciye, wato yana bin tsawon gaɓar, har ya fita daga bakinta, sannan ya bar raƙuman ruwa su taimaka masa zuwa tudu. Ɗan gulbi ya riga ya san wannan dabara, domin babu mai hankalin da ke tsallake Kwara yana fuskantar ruwa kai tsaye.

Wanda bai iya iyo ba sam, akwai abin da zai yi a can?

Akwai. Ana iya sa shi a kayak mai ɗaukar mutum biyu tare da malami, a ruwa mai kwanciya, da rigar ceto a jikinsa. Amma shawarata ita ce ya fara da darasin iyo a wurin wanka na gini, inda ake ganin ƙasa, har sai ya iya kwanciya a kan ruwa ba tare da motsi mai yawa ba, ya iya tsayawa a inda ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ya kuma iya ninƙaya ta mita 50 ba hutawa. Girma ba ya hana koyo. Kunya ce ke hanawa.

Da wane wasa ya fi dacewa mutumin Kebbi ya fara?

Da kayak, ba shakka. Asalinsa na mutanen Inuit ne da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda suke farauta da shi a cikin ruwan ƙanƙara, kuma bambancinsa da kwale-kwalenmu shi ne filafilinsa baki biyu gare shi, ana tsoma dama a tsoma hagu, mai tuƙi kuma yana zaune ƙasa-ƙasa da ƙafafu a miƙe. Wanda ya saba da fito yakan kama hannun cikin awa guda. Abin da zai tsaya ya koya da kyau shi ne yadda ake fuskantar igiyar ruwa da hancin jirgi maimakon a ba ta gefe, da yadda ake komawa ciki bayan jirgin ya kife a inda babu tudun dafawa. Malamin kirki da gangan zai sa ɗalibi ya kife tun a darasin farko.

Hawan igiyar ruwa a kan allo ya fi wuya, ya kuma fi daɗi ga wanda ya jure. Al'adar mutanen tsibiran tekun Fasifik ce, musamman Hawai, kuma ta shiga gasar Olamfik a karon farko a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021. Ana farawa a kan yashi, a koyi tashi daga kwance zuwa tsaye a motsi guda, sannan a shiga inda ruwa bai wuce ƙugu ba da allo mai faɗi mai laushi, wanda aka ɗaure da igiya a idon sawu. Kwanakin farko faɗuwa ce zalla, kafaɗu kuma za su yi tsami, amma ran da mutum ya miƙe ya ji ruwa ya ɗauke shi yana sulala da shi har gaɓa, zai gane abin da ke mayar da mutane wurin kowace safiya. Babur ɗin ruwa kuwa ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, domin gudunsa ya fi ƙarfin wanda bai san ƙa'idar hanyar ruwa ba, kuma da yawansu ba sa juyawa da zarar an saki totur.

A ina ake samun irin waɗannan wurare a Najeriya, kuma wane lokaci ya fi?

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, amma a Legas aka fi samun wuraren koyo. Wanda aka fi sani ga masu hawan igiyar ruwa shi ne Tarkwa Bay, wanda sai da jirgi ake zuwa, kuma ganuwar duwatsun da aka gina don kare mashigar tashar jiragen ruwa ta rage masa ƙarfin teku, shi ya sa ya dace da mai koyo. Buɗaɗɗun gaɓoɓin Lekki zuwa gabas suna da kyan gani, amma ruwansu yana da duka da ja, kuma ba wurin gwaji ba ne. Masu kayak da jiragen iska sun fi zama a ruwan da ke cikin gari, tsakanin Ikoyi da tsibirin Biktoriya.

Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa Maris teku ya fi lafawa, daga Yuni zuwa Satumba kuma ya fi hauka. Daga Kebbi zuwa Legas tafiya ce ta yini guda cur a mota, wani lokaci har da kwana, ta Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilori da Badun, don haka kada wanda ya sauka da dare ya shiga ruwa washegari da sassafe da gajiyar hanya a jikinsa. Ranakun bukukuwa, har da na Sallah, gaɓa kan cika maƙil, idon masu ceto kuma ba ya kaiwa kan kowa.

Yaya zan bambance cibiyar kirki da ta masu neman kuɗi kawai?

Kafin mutum ya biya, ya tsaya ya yi kallo na rabin awa. Ya duba ko akwai mai ceto da ba shi da wani aiki sai kallon ruwa, ko akwai tutoci, ko kuma malami ɗaya ne ke fama da ɗalibai fiye da yadda idonsa zai iya riƙewa. A tsarin da aka saba da shi a ƙasashe da yawa, tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya ne wurin da aka yarda a yi iyo, jar tuta zalla kuma tana nufin kada a shiga. Ya ɗauki rigar ceto ya duba maɗauranta, ya tambayi inda akwatin taimakon gaggawa yake, da asibitin da ake kai mutum idan abu ya faru. Cibiyar da ta karɓi kuɗi ta miƙa filafili ba tare da ta tambayi ko mutum ya iya iyo ba, ko yana da wata lalura, ta riga ta nuna matsayin ransa a wurinta, kuma ya kamata ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Shin dole ne gwani ma ya sa rigar ceto? A wurinmu ana ganin abin kunya ne.

Dole ne, kuma a nan ba na sassautawa. Rigar ba don wanda bai iya iyo kaɗai aka yi ta ba. An yi ta ne don lokacin da gwaninta ba ta da amfani, kamar idan gefen jirgi ya bugi kan mutum ya suma, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure, ko wanda ya firgita ya ruƙunƙume shi. Mu a Kebbi ba sai an ba mu labari ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko fasinjoji fiye da ƙima ya nutse a kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa, kuma har yau akwai gidajen da ba su warke daga wannan rashi ba.

Na san akwai masu dogara da laya, ko wani abin da aka gada a gida wanda ake cewa ruwa ba ya cin mai shi. Ba na zagin gadon kowa, amma na halarci jana'izar masunta 'ya'yan masunta. Addu'a kafin shiga jirgi wajibi ce a wurina, sa rigar kuma shi ne ɗaure raƙumin da aka umarce mu kafin tawakkali. Rigar ta zama daidai jiki, a ɗaure kowane maɗauri, sannan wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura kunnuwa, ta yi yawa.

Mata fa? Akwai yadda za su koya ba tare da sun saɓa wa sutura ba?

Akwai, kuma ina ganin buƙatarsu ta fi ta maza, domin mata da yara ne suka fi cika jiragen kasuwa, su ne kuma aka fi hana koyon iyo. Ana sayar da kayan iyo masu rufe jiki duka, da hular da ke rufe gashi da wuya, waɗanda aka ɗinka da yadi marar shan ruwa. Abin da ba a shiga ruwa da shi shi ne zani, da doguwar riga, da dogon hijabi, domin suna yin nauyi, suna naɗe ƙafafu, suna kuma iya rufe fuska. Mata za su iya haɗa kansu rukuni su nemi a ware musu lokaci da malama mace, kuma a yi wannan magana tun kafin a biya.

Daga shekara nawa yaro zai fara?

Yaro mai shekara biyar zuwa shida yana iya ɗaukar darasin iyo sosai. Amma ko ya iya, ƙaramin yaro ba ya wuce inda hannun babba zai kai gare shi, kuma ba a ba yaro tsaron yaro. Balan-balan da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ne, ba ya maye gurbin rigar ceto.

Akwai lalurar da ke hana mutum waɗannan wasanni?

Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai sikila, da mace mai juna biyu, duk su ga likita tukuna, su kuma gaya wa malamin gaskiya. Maganar ta fi tsanani a nutso da tukunyar iska, domin kowace mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya. Saboda haka dokar farko ita ce ba a riƙe numfashi, ba a kuma tasowa da gaggawa, kuma wannan kishiyar abin da ɗan Kabanci ya saba ne, wanda gwanintarsa duka a riƙe numfashi take. Takardar shaidar matakin farko takan tsaya a mita 18, kuma bayan nutso ana jiran aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, ko 18 idan an yi nutso fiye da ɗaya.

Ana alwala da ruwan teku? Mai azumi zai iya shiga?

Ana yi, domin hadisi ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne. Game da azumi, mai koyo ba ya rasa kurɓar ruwa, ga rana ga gajiya, don haka ya fi kyau a ɗage darasi zuwa bayan Sallah, wanda kuma yake son hukunci dalla-dalla ya tambayi malaminsa.

Idan na ga wani yana nutsewa, me zan yi?

Da farko a sani cewa mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Za a gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a karkace baya, baki yana nutsewa yana fitowa, hannuwa suna dukan ruwa a gefe. A kira masu ceto da babbar murya, a miƙa masa sanda ko filafili, ko a jefa masa abin da ke tasowa. Jarkar lita 25 da babu komai a ciki, an rufe bakinta da kyau, tana riƙe babban mutum. Faɗawa ruwa hannu rabbana shi ne ke mayar da gawa ɗaya ta zama biyu.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, a bar al'adar danna ciki ko juya mutum a kife don a fitar da ruwa, domin ɓata lokaci ce, tana kuma jawo amai ya toshe hanyar iska. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau biyu, har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan wasu awoyi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa kan nutsewa, kuma zan so in ga makarantunmu na bakin kogi suna amfani da ita wajen koya wa ɗalibai wannan aiki a aikace.

Bayan na dawo gida, zan iya ci gaba da abin da na koya a ruwanmu?

Hawan igiya sai teku, amma iyo da kayak da aikin ceto duk suna tafiya a nan, kuma tseren kwale-kwale wasa ne da ake zuwa Olamfik da shi; Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a cikinsa a Tokiyo. Ina da yaƙinin cewa a cikin yaran da ke tuƙa jirgi tsakanin gungunan Yawuri akwai waɗanda za su kai wannan matsayi idan suka sami mai horarwa da jirgin gasa.

Sai dai ruwanmu ma yana da nasa sharuɗɗan. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗin ruwan daɗi ta shiga ta fata, kuma babu ita a ruwan gishiri. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta sananne ne. Akwai dorina a yankin Yawuri, wadda ke kifar da jirgi, musamman idan tana da ɗa. A tafkin Kainji, wanda ya cika bayan kammala madatsar a 1968, har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jiran cikin jirgi. Kwara kuma sau biyu take kawo ruwa: na damina, da wanda ke isowa cikin hunturu daga can ƙasar Gini bayan ya yi watanni a hanya, lokacin da baƙo ke zaton ruwa ya ja baya. Wanda zai fara atisaye a wani wuri ya fara zuwa gaishe da Sarkin Ruwan yankin, ya gaya masa abin da yake son yi, ya roƙi a haɗa shi da masuncin da zai nuna masa inda ake shiga da inda ba a shiga a wannan watan.